Ƙanen da Na Haifa

Shekara ashirin da biyu ke nan ina Makka, kuma duk wanda ya tambaye ni ko ina da ɗa, sai in ce a'a, ƙane dai gare ni guda ɗaya. Ba ƙanena ba ne. Ni na haife shi, a ɗakin Inna, wata Laraba da damina, a wani gari na ƙasar Katsina da ba sai na faɗi sunansa ba. Shi ne ɗana na fari, shi ne kuma na ƙarshe. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka ma sai ta kau da kai har wata ta zo ta ce, "Ke marar tausayi, ba shi nono mana." Ana yaye shi Inna ta ɗauke abinta. Ya tashi yana ce mata Inna, ni kuma Yaya Asabe. Ubansa ya rasu yana shekara huɗu, na dawo gidanmu muka zauna kamar ya da ƙane, har faɗa muke yi a kan ƙanzo. Ya san ko ni wace ce, ni ma na san ya sani. Ba wanda ya taɓa buɗe baki.

Yana shekara tara na taho Umra, da niyyar in yi aikin shekara biyu in koma.

Mutumin da ya kawo mu, mu shida, wani dillali ne mai haƙorin Makka da zaƙin baki. Tun a Jidda ya karɓe mana fasfo, wai ajiya, kada mu yar. A cikin mota ya juyo yana yi mana karatu kamar malamin islamiyya. "In an tambaye ku, ba ku da miji, ba ku da ɗa. Matan nan ba sa son mai ɗa, sun ce kullum rabin zuciyarta yana gida." Sauran matan suka yi ta gunaguni, ɗaya har da hawaye. Ni kuwa ko a jikina. Abin da aka koya mini tun ina goyo shi ne yau ake ce mini dabara ce. Ya sauke mu a bakin wani lungu a Tandabawi, wata unguwa a Makka, ya ce mu jira shi zai dawo bayan la'asar da takardu. Har yau la'asar ɗin ba ta yi ba.

Wadda ta tsince ni a lungun nan ita ce Hajiya Kulu, mutuniyar Sakkwato, mai tuyar masa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi ƙullin kayana, ta ce, "Ke kuma wa ya yasshe ki nan? Mai haƙori ko? Tashi mu tahi, ba shi dawowa." Ɗakinta yana saman wani tsohon gida, matakala talatin da wani abu, da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, mai zubar da ruwa a cikin bokiti duk dare da rana. Ta shimfiɗa mini katifa a gefen tata. A kan katifar nan nake kwana har yanzu, sai dai an sake mata soso sau uku.

Kulu ce ta koya mini tafiya a garin nan. In kin ga motar askarawa kada ki gudu, kada ki tsaya. Ki riƙe sallaya a hannu, ki miƙe kamar mai sauri kada jam'i ya wuce ta a Harami. Kada ki yi Hausa da ƙarfi a cikin motar haya. Kada ki yarda da mai ce miki zai samo miki iƙama, wato takardar izinin zama. Duk na kiyaye, ban da na ƙarshen: wani ya taɓa kawo mini kati mai hoton wata baƙar mata da ta fi ni shekara ashirin, ya ce ai a idon Larabawa duk kamarmu ɗaya. Kulu ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta sa katin a ƙarƙashin ƙafar tebur ɗinta mai rawa.

Gidan da na fara aiki, ban jin ko kalma ɗaya in ban da ta salla. Matar gidan takan nuna mini abu da ƙafa. In zan tafi sai ta zazzage jakata a ƙasa, ta juya komai da bakin tsintsiya. Ruwan wanke banɗaki ya cinye mini hannu har fata na ɗayewa. Akwai wata 'yar Indunusiya a gidan, gajeriya, ba ta jin nawa ba na jin nata. Wata rana ta jawo ni bayan injin wanki, ta shafa mini wani mai a hannu, ta naɗe da leda, sannan ta zaro hoto daga cikin rigarta ta nuna mini yara biyu. Ta nuna ni da yatsa, ta yi alamar goyo. Na girgiza kai. Kun ji fa, matar da ko Hausa ba ta ji, ba ta san kowa nawa ba, ita ma sai da na yi mata ƙarya. Na koma ɗaki ran nan ban iya cin abinci ba.

Lokacin aikin Hajji mukan ajiye aikin gidaje mu bi masu tuƙa tuwo zuwa Arfa. Rana ɗaya ce, amma rana ce da ke cinye ƙarfin wata guda. Wuta a gabanki, wuta a samanki, alhazai sun yi layi da kwano kowa yana neman miyar kuka kamar ya shekara bai gani ba. A nan nake jin labarin gida. Ina tsoron in ga 'yan garinmu, ina kuma baza ido ina nemansu. A shekarata ta shida na ci karo da wata maƙwabciyarmu. Bayan an gama koke-koke da tambayar wa ya mutu wa ya yi aure, ta ce, "Yaron Inna fa ya bar makaranta. Yana nan yana bin Baba kiɗan mahauta, kullum kalangu a hammata."

Babanmu makaɗin mahauta ne. Ranar kasuwa shi ke tsayawa a bakin rumfar nama, in ya buga, duk garin ya san an yanka sa. Ban taɓa faɗa wa kowa haka a Makka ba, don nan kowa ɗan malamai ne, ban taɓa jin wanda ya ce ubansa makaɗi ne ba. Na ci gaba da tuƙi ban ɗago ba, na ce, "To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya girma dai ko?" Kamar ina tambayar ɗan akuyar maƙwabta. Da za ta tafi na ba ta agogo da jallabiya, na ce ta kai wa Inna ta ba yaron nan.

Za ku ce me ya hana ni komawa. Ni ma na tambayi kaina har na gaji. Shekara biyu ta zama biyar saboda rufin ɗakin Inna, biyar ta zama takwas saboda ciwon Baba. Kuma marar takarda hanyarsa ta gida ɗaya ce: a kama shi, a ɗauki yatsunsa, a sa shi a jirgi, ba dawowa. Kullum sai in ce bari baɗi. Baba ya rasu ina cewa baɗi. Inna ta rasu ina cewa baɗi.

Lokacin na riga na koma aiki a unguwar Rusaifa, gidan Ummu Majid, inda nake har yau. Ita haifaffiyar nan ce, kakanta ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Hausa. Tsohuwar malamar makaranta ce, mai faɗa amma ba ta da mugunta, Hausarta kuma duk ta karkace, rabi Larabci. A kicin ɗinta aka kira ni aka ce Inna ta cika. Ta same ni zaune a ƙasa da wuƙar yanka albasa a hannu. Ta kashe gas, ta zauna kusa da ni a kan tayil da ciwon gwiwarta. Da na natsu ta ce, "Wa ya rage miki a balad?" Wato a gida. Na ce ƙanena.

Bayan sadakar arba'in ya kira ni ya ce shi ma zai tafi, ba abin da ya rage masa a garin. Na ce ina? Ya ce Agadas tukuna. Daga nan ban sake jin muryarsa ba sai bayan wata goma sha ɗaya. A watannin nan na san Harami kamar tafin hannuna. In na tashi daga aiki sai in wuce in yi ɗawafi, ƙafafuna a kumbure. Amma ko a gaban Ɗakin Allah bakina ba ya iya kama sunan nan. Sai dai in ce, "Ya Allah, Ka san wanda nake nufi."

Wata rana ina shanya sai ga wata doguwar lamba. "Yaya, ni ne." Na zauna a kan bokiti. Ya bi ta Libiya, ya ƙetare ruwa, ya yi ta gaba har wata ƙasa wai ita Finland. Na ce ina ce kuma nan? Ya ce ƙarshen duniya, in kin wuce ta sai ƙanƙara. Ya ce da sanyi rana takan leƙo ta koma kamar wadda ta yi mantuwa, mutanen kuma ba sa gaisuwa, amma ba sa cuta. Abin da na iya ce masa shi ne, "Kana dai salla ko?"

Haka muka shekara tara, waya sau ɗaya ko biyu a wata. Ya goge daɓen kantuna, ya wanke motocin haya, ya koyi yarensu mai kama da ana tauna tsakuwa. Ya sassaƙa kalangu da hannunsa, fatar kuma wajen wani mahauci ɗan Somaliya ya samo. Yana bugawa a wani ɗakin taro na baƙi ranar hutu, har wata mawaƙiya 'yar ƙasar ta ji, ta ɗauke shi cikin makaɗanta. Duk wannan da "to" da "madalla" nake amsa masa.

Sai bana, wajen tsakiyar sanyi, ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba, yana magana yana haɗa numfashi. Wai a ƙasar kowace shekara akan yi gasar waƙa a talabijin, ƙasa duka ta zauna ta kalla. Wanda ya ci shi za a tura babbar gasa ta ƙasashen Turai ya tsaya da sunan Finland. An tace waƙoƙi masu yawa, tasu tana cikin 'yan kaɗan da suka rage, kuma da kalangu waƙar take buɗewa.

"Kalangun mahauta?" na ce. "A gaban Turawa? Su ma nama za su saya?"

Ya yi dariya, sannan ya ce, "Yaya, akwai abin da nake so. Kafin kowace waƙa ana nuna iyalan masu yin ta. Uwar mawaƙiyar ta yi magana, matar mai jita ta yi. Sun ce ni ma in kawo nawa. Minti ɗaya ne, ki ɗauka da wayarki ki turo."

Na ce, "Ka manta ba ni da iƙama? In nuna fuskata a talabijin?"

"Ki sa niƙabi. Murya kawai."

"In ce me?"

"Ki ce ke ce wa."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na fara faɗa, don faɗa ya fi mini sauƙi. Na ce ina zaune a gari mai tsarki, mutane suna ganina da mutunci, shi ne zai tsayar da ni a filin kiɗa da rawa? Na ce rashin kunyar Turawa ta shige shi. Ya bar ni na gama tas.

"Inna ta rasu," ya ce. "Ita ce mai hana ki, ko ita kike jin kunya, ban sani ba. Shekarata talatin da ɗaya. Sun tambaye ni ina da uwa, na rasa abin da zan ce, har matar da ke tambayar ta ba ni haƙuri ta zaci maraya ne ni. Shi ke nan, kada ki yi. Amma ki kalla ranar Asabar. In kin kalla ki kira ni. In ba ki kira ba na gane, ba zan ƙara damun ki ba."

Ya kashe. Bai taɓa kashe mini waya ba sai ran nan, kuma na san jinin Baba, in ya ce ba zai ƙara ba to ba zai ƙara ba.

Kwana uku ina aiki kamar wadda aka yi wa duka. Na ƙona shinkafar kabsa, na zuba gishiri a gahawa. Ummu Majid ta tsare ni a bakin firji. "Ke Asabe, esh fi? Wani ya mutu kuma?" Na ce a'a, ƙanena ne zai fito a talabijin, ni kuma ban san inda zan gani ba. Ai kuwa sai ta tafa hannu. "Ƙanenki a talfiziyon? Mashallah! Lazim mu gani!" Ta sa tabarau, ta yini tana latse-latse har ta samo tashar a intanet ta jona da babban talabijin na falo. Ta ce in gayyato Kulu da duk wadda nake so, za ta aika mota. Ni da nake son in laɓe a lungu in kalla ni kaɗai, sai ga shi an mayar da abin biki.

Asabar bayan isha'i muka cika falon: ni, Kulu, maƙwabtanmu biyu, Ummu Majid da ƙanwarta. An kawo dabino da shayi. Aka fara. Wallahi ban taɓa ganin wuta irin wannan ba, ja, kore, shuɗi, tana walƙiya har idona ya yi ruwa. Mutane dubbai a tsaye suna ihu, waɗanda aka ce mini ba sa gaisuwa. Na farko wani ƙato ne da gashi har gadon baya, yana kururuwa kamar an taka masa ƙafa. Kulu ta ce, "Wanga waƙa ya kai ko aljanu ad da shi?" Ta biyu ta fito da wata 'yar riga da ko ɗankwali ba za ta yi ba, matan suka ɗau a'uzubillahi, kowa ta rufe ido da hannu tana leƙe ta tsakanin yatsu. Ni dai ina zaune a bakin kujera, ina jiran a zo kan nasu.

Su ne na biyar. Aka nuna wata mata mai farin gashi a kicin tana rungume mawaƙiyar, tana shafa mata kai, tana kiran sunanta sau biyu sau uku a gaban duniya. Aka nuna yara suna tsalle a jikin mai jita. Sai ga shi. Yana tsaye a cikin ƙanƙara shi kaɗai, da hular ulu, hayaƙi na fita daga bakinsa. Rabona da shi yana ɗan shekara tara, hotunan waya kuma ba sa nuna tsayi. Ya yi tsawo, ya rame, ga ɗan gemu. Ya yi magana da yarensu, aka tambaye shi wani abu, ya ɗan sunkuyar da kai. Sannan ya dubi kyamara, ya yi Hausa, rubutun yarensu yana bi ta ƙasa.

"Uwata tana Makka. Ba ta son a nuna ta. In tana kallo, ina gaishe ta."

Ummu Majid ta juyo da tabarau a kan hanci. "Uwarsa? Ba kin ce ummukum ta rasu a Najeriya ba?"

Duk suka zuba mini ido. Ga ƙofa a buɗe, kalma biyu ce kawai: ɗana ne. Sai Kulu ta ajiye kofinta ta ce, "Yo mi ab abin mamaki? Babbar ya ai uwa ta. Ita ta yi ɗawainiyatai."

"Haka ne," na ce.

Na miƙe na ɗauki butar shayi, wai ya huce. Ina tsaye a kicin, butar a hannuna, kalangun ya fara. Ba wani sabon kiɗa ba ne, kiɗan Baba ne na ranar kasuwa, wanda yake yi in an gama fiɗa an rataye cinya. Ban ji shi ba tun ina matashiya. Na ji ƙamshin tsire, na ji rana a tsakar kaina, na ga Inna tana ɗaura gyale za ta fita. Na dawo na tsaya a bayan ƙofa ina kallo ta tsaga. Ya ɗaga kafaɗar hagu kamar yadda Baba ke yi, ya matse tsarkiyar a hammata, ya karkatar da kai. Mawaƙiyar ta shigo da murya siririya mai sanyi, ba na jin ko kalma, mutanen nan dubbai suna tafi a kan kiɗan mahautan garinmu. Na yi kuka a bayan ƙofar nan, kukan da ban yi ba ko da Inna ta rasu, na toshe bakina da gefen mayafi.

Da aka gama waƙoƙin aka sako lambobi a ƙasan talabijin, Ummu Majid ta ce zaɓe ne, masu kallo ke turawa. Nan fa kowa ta zaro waya. Kulu da ko saƙo ba ta iya rubutawa ta miƙa wa ƙanwar Ummu Majid tata, ta ce a danna mata sau goma. Saƙo ya ƙi tafiya. Suka ce sabis ne, ɗaya ta je bakin taga ta ɗaga wayar sama, ɗaya ta ce a sa lambar ƙasar a gaba. Sun fi minti ashirin suna fama, suna bismilla, kafin Ummu Majid ta gano cewa sai mai layin ƙasar ne ake karɓar nasa. Kulu ta ce, "Yo mu da muka hi su son shi, mu a ba mu da ƙuri'a?"

Ba su ci ba. Alƙalai na wasu ƙasashe suka ba da nasu makin, aka haɗa da na jama'a, ƙaton nan mai kururuwa ya ɗauke. Kyamara ta bi ta kan waɗanda suka faɗi, na gan shi zaune a gefen kujera da kalangun a cinya, yana tafa wa wanda ya ci. Ya gaji, na san fuskar. Aka mai da mu Tandabawi, wayata tana cikin jaka, ban taɓa ta ba.

Da safe ban je aiki ba, na ce kaina ke ciwo. Na sauko tsakar gida ina taya Kulu tuya. Tana ta juya masar da tsinke. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin kira shi?"

"Wa?"

"Ke Asabe, ki ji tsoron Allah. Shekara ashirin da biyu muna ɗaki guda. Ni na gasa maki jiki da kika yi zazzaɓi, na ga nankarwa ga cikinki. Ƙane ba shi barin wagga alama. Yaron ga ɗanki na. Jiya na ruhe maki asiri don na ga kin rikice, na kwana ina da-na-sani."

Na ce, "Kin sani duk shekarun nan?"

"Tun watan hwarko. Ni ma ɗiyar Hausa ta, na san kunya. Amma kunya gaban surukai aka yin ta, gaban uwa da uba. Duk sun mutu. Nan wa kika jin kunya, mukayyif?"

Na yi dariya ina hawaye, hayaƙin mai yana shiga mini ido. Na ce mata ba zan iya ba, bakina ba zai kama ba, ko ni kaɗai a ɗaki na gwada ya ƙi. Ta ce to in zauna da bakina, in ga ko shi zai ɗauki gawata.

Wajen azahar matan gidan suka fara taruwa a tsakar gida, waɗanda suka je suna ba waɗanda ba su je ba labari. Ana kwaikwayon ƙaton nan, ana dariya, ana ce mini, "Asabe, ashe ƙanenki gwani ne, an dai yi masa maguɗi." Na shiga ɗaki na ɗauko wayar, na sauko da ita. Na danna lambarsa. Ta yi ƙara har sau shida, na ce shi ke nan, na makara. Sai ya ɗauka. Bai yi sallama ba.

"Na gani," na ce.

"Ba mu ci ba."

"Na gani. Ka rame. Ba ka cin abinci ne?"

"Ina ci." Sannan ya ce, "Kin ji abin da na ce?"

"Na ji."

Ya jira. Ina jin numfashinsa, ina jin wata mota tana wucewa a can ƙasarsu. Na san in na bari ya ce "to shi ke nan, Yaya," an gama. Shi ba zan iya ce masa ba, wannan na tabbata. Sai na cire wayar daga kunnena, na danna inda kowa zai ji, na juya wajen matan da ke zaune a kan tabarma.

"Ku gaisa da ɗana," na ce. "Ba ƙanena ba ne. Ni na haife shi."

Wata ta ce, "La ilaha illallahu." Kulu ta ci gaba da goge tanda kamar ba ta ji ba. A wayar ba a jin komai, har wata daga cikin matan ta leƙo ta ce ya katse. Kulu ta ce bai katse ba, a ba shi lokaci.

Da ya dawo muryarsa ta dushe. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, yana ce musu iyayena, suna sa masa albarka, suna ce masa shi ya ci a wajensu. Aka gama, na mai da wayar kunnena, na juya musu baya na fuskanci bango.

"Ya..." ya fara, ya tsaya. Ya ja hanci. "To ni yanzu me zan riƙa ce miki?"

Na tsaya da wayar a kunne, ana kiran salla a masallacin lungu. Shekararsa talatin da ɗaya, tawa ta kusa hamsin, kuma wallahi ni ma ban san amsar ba.